Farin Yadin Malam Ɗayyabu

Mus'ab ya saci likkafanin ubansa tun uban yana numfashi. Sata ce, kada kowa ya canja mata suna.

Hanne tana durƙushe gaban adakar mijinta, ta zazzage kayan ciki a kan tabarma, tana sake ɗaga su ɗaya-ɗaya. Yadin ba ya nan. Malam Ɗayyabu ya sayo shi ne a Indiya shekarar da aka kai shi aikin ido, aikin da bai yi nasara ba. Doti suke kiransa can, farin zane marar ɗinki da mazansu ke ɗaurawa. Shi kuwa da ya shafa ya ji laushinsa, sai ya ce ya samu rigar tafiya. Ya sa aka yayyafa masa zamzam, aka ninke, aka ajiye.

"Hanne, kin same shi?" in ji Malam daga kan gado, muryarsa da ƙyar take fita. "Miƙo in taɓa."

"Ina zuwa, Malam."

Ta fita tsakar gida. Autansu Mus'ab yana gindin darbejiya yana latsa waya.

"Auta, ina yadin babanka?"

"Wane yadi kuma, Inna?"

"Kalle ni nan."

Ya sosa ƙeya. "Bikin Musbahu ne a Gaya. Aka ce daren Indiya za a yi, mata su ɗaura sari, mu abokan ango mu sa kurta, rigar mazansu. Na kai wa tela. Wallahi na ɗauka zan sayo wani kafin..."

"Kafin me?"



Ta koma ɗaki, ta ciro wankakken farin mayafinta, ta ɗora a hannun mijinta. Ya murza bakinsa da yatsu, ya ɗaga ya shinshina.

"Wannan ƙamshin man kanki yake yi," ya ce. "Yaron ne?"

"Malam, ka yafe masa."

Ya juya fuskarsa bango. Har la'asar tana yi masa fifita tana jiran kalma ɗaya, ban da salati ba ta ji komai ba. Ana fitowa daga masallaci ya cika.

Ƙanensa Bappa Ja'afar ya hau babur zuwa Gaya, ya yanko alawayyo irin na kowa. Da ya dawo ya fara yankawa, sai Mus'ab ya ɗauko rigar a leda, da jan zare a wuyanta da maikon shinkafa a gaba, ya ce ko za a iya farke ta.

Bappa ya ajiye almakashi, ya dube shi. "Fita waje."

Ba a bar shi ya shiga wajen wanka ba, ba a bar shi ya kama makara ba. Da aka zo saka Malam a kabari, maƙwabta ne suka sauka. Shi yana tsaye bayan mutane, a bakin gonar gero.