Naƙudar Zlatka

…sha huɗu. Sha huɗu na ƙirga, kuma kin san ba na kuskuren ƙirga, Nevena. Ga ƙwan nan cikin yashi, farare, masu taushi, kowanne kamar kan babban yatsana. Zlatka kuwa ta fito daga ramin, ta baje a gefe, ta lumshe ido ɗaya.

Ba ta gama ba. Ni na faɗa.

Ƙadangaruwa ce, na ji. Ƙadangaruwa mai gemu. Haka kika ce mini jiya a waya daga Hamburg, kina tauna wani abu: "Mama, don Allah, ba matar ƙauye ba ce fa, ki kai ta wurin likita." To, ciki ai ciki ne. Shekara talatin da takwas ina aikin ungozoma, a asibitin Plovdiv da ƙauyukan kan dutse. Hannun nan ya san cikin da ya sauke kaya, ya san wanda da saura.

Ke kika bar mini ita. Akwatin gilashi rabin falo, da gyare — gyare masu rai, a kicin ɗina! "Kafin Kirsimeti zan dawo in ɗauke ta, Mama." Kirsimeti biyu ke nan…

Penka ta bene na uku ce ta fara gani. "Radka, dodonki ya yi ciki! Na wa ne? Ko na tsohon nan ne mai kiwon tattabaru?" Ta yi dariya har kofi ya zube mata a kan banitsa, gurasar nan tamu mai cuku. Ba miji, ba kowa. Haka suke, kamar kaji, ƙwai ba zakara. Wahalar duka tana nan, ɗa ne kawai babu.

Da ta daina cin abinci na gane. Kwana biyar tana kartar gilashi, tana tona kusurwa, ta bari, ta koma wata. Mai naƙuda ma haka take, ta yi ta zagaye ɗaki tana neman abin da ba ta ajiye ba. Na ɗauko bahon wanki, na haɗa yashi da ƙasar fure, na jiƙa daidai — in an dunƙula ya tsaya, in an matse ba ya ɗiga. Na fara mata bakin rami da cokali, na rufa tawul, na bar ɗakin. Wa ke haihuwa ana tsaye a kanta ana zare ido? Wannan har yau likitoci ba su koya ba.

Na tuna wata shekara, dusar ƙanƙara har gwiwa. Wani ƙauye sama da garin Smolyan, motar asibiti ta maƙale a gada… Wata mai naƙuda, Gergana, tagwaye, na biyun ya taho da ƙafa. Surukarta a durƙushe gaban kyandir tana ta kiran Budurwa Maryamu. Shekarata ashirin da huɗu. Na juya shi. Da hannun nan. Yanzu yaron babbar mota yake ja, duk ranar ungozomomi sai ya aiko mini da zuma, kwalba biyu —

Na sa Zlatka a ruwa mai ɗumi, iya kafaɗarta. Zauna, 'yar gari, zauna. Yatsa biyu ƙarƙashin ciki, a hankali, ba matsawa. Ƙwai in ya fashe a ciki, an gama. Ga ɗaya. Ga wani a bayansa. Na uku… na ukun nan babba ne, ya gitta a bakin ƙugu, ya tare wa 'yan'uwansa hanya. Kin gani? Sha bakwai ne duka. Ba sai an ɗauki hoto ba.

Tana yunƙuri. Jela ta ɗaga, ta sauka. Ba komai. Tun ƙarfe bakwai na safe, ga shi sha ɗaya ta gota.

Kostadin, likitan dabbobin bayan kasuwa, ni na karɓi haihuwarsa. Kilo huɗu da wani abu, kunnuwa kamar hannun tukunya. Yau shi ke ɗaga mini yatsa: "Inna Radka, in gemunta ya yi baƙi, ko ta kasa ɗaga kai, ki kawo ta. Kar ki yi mini ungozomanci a gida." Ungozomanci! Mutumin da na mara a ɗuwawu tun bai san sunansa ba. Amma da gaskiyarsa. Allurar ƙarfin ƙashi, sai allurar naƙuda, irin tamu sak, in ta ƙi sai wuƙa. Ni wuƙa ba ta ba ni tsoro. Masu cewa "a ɗan jira" su nake tsoro. Sau ɗaya na saurari irinsu. Sau ɗaya. Ba na kiran sunan yarinyar.

Gemun… da safe rawaya ne. Yanzu kamar an shafa masa gawayi.

Shi ke nan. Ungozomar kirki ta san lokacin sa hannu, ta san lokacin cire shi. Kwalin takalmi. Kwalbar ruwan zafi cikin safa. Tawul. Tasi na hanya, minti bakwai suka ce. Za ta tashi, Nevena, rubuta ki ajiye. Ba zan kira ki ba sai an gama, kuka kawai za ki yi mini a kunne.

Dakata.

Yatsun ƙafarta. Rawa suke, ƙanana-ƙanana, ita ba ta ma sani ba. Ba sanyi ba ne, ruwan da ɗuminsa. Na san wannan rawar. Ƙwai sun zuƙe mata ƙashi, shi ya sa yunƙurin ba ƙarfi. Amma ta yaya? Farin garin nan na ƙarfin ƙashi ina barbaɗa shi a kan gyare, ban taɓa tsallakewa ba. Ban taɓa ba! To me ya hana shi kama jikinta?

Fitilar. Doguwar da ke saman akwatin, mai tsaya mata a madadin rana. In ba ita, garin ba ya zama ƙashi — wa ya gaya mini haka? Ke? Kostadin?

Shiga kwali tukuna, 'yar gari, in hau kujera. Gwiwar nan… Akwai wata 'yar takarda manne a bayan ƙarfen, inda ba a gani daga ƙasa. Rubutunki ne, mai karkata hagu. Kwanan watan da kika tafi. Ƙarƙashinsa: "Mama, a canza duk wata shida, ko da tana haske."

Ai tana haske, Nevena. Kullum tana haske. Kowace safiya ni ke kunna ta, har ƙura nake share mata…

Tasi na ta oda a ƙasa. Kwalin na motsi a kan tebur, a hankali, ƙwarai a hankali. Ina zuwa. Ina zuwa, 'yar gari. Bari dai in ga yadda zan sauko daga kujerar nan.