Dami Ɗari da Ashirin a Rumbu Ɗaya

Kwana uku Jibrilla ya yi a hanya, daga jami'ar Badun zuwa Kaura Namoda a jirgin ƙasa, daga nan a bayan akori-kura bisa buhunan gishiri har Isa, sauran kuma a ƙasa zuwa Bafarawa. Shekarar 1956 ce, bayan girbi. Ya iso ƙafafu a kumbure, ga jarrabawar lissafi da ya faɗi tana jiransa in ya koma. Abin da yake so a duniya tabarma ce da inuwa. Ina! Ko ruwan fura bai gama sauka ba mahaifinsa, Illo, ya tsaya a kansa.

"Tashi, Allah ya kawo ka. Yau za a san na haifi ɗa."

Ga abin da ya faru. Rumbun Illo ya rushe da damina, sai ya zuba geronsa a rumbun ƙanensa Yari. Gara ta shiga rumbun, aka fitar da dammunan a gaggauce, mata suka sussuke su gaba ɗaya, na wa da na ƙane suka zama tsibi guda. Illo ya rantse dami saba'in ya zuba. Yari ya ce ko kusa. Sati biyu ke nan ba su ci a akushi ɗaya ba, kuma abincin shekarar gidan Illo, mai baki tara, yana cikin tsibin nan.

Aka zauna a gindin tsamiya da hantsi, rabin unguwa ta zo kallon ɗan boko. Jibrilla ya buɗe littafi a gwiwarsa, idonsa na yaji.

Shaida na farko Ɗanmusa ne, wanda ya jera dammunan a rumbu. Ya ce ɗari da ashirin ne cif, na mutum biyun duka. Na biyu Habi ce, mahaifiyar Jibrilla, wadda ta auna tsabar. Ta aiko daga cikin gida cewa kwano ɗari shida ne, kowane dami kuwa kwano biyar yake bayarwa.

Jibrilla ya jera lambobin sahu biyu a cikin baka, abin da malaminsu ke kira matiriks. Sahun sama ɗaya da ɗaya, na ƙasa biyar da biyar. Ya ninka su a gicciye, ya ɗebe wannan daga wancan, sai ga sifili. Wannan sifilin ne ya kayar da shi a Badun, yau ga shi ya biyo shi har gindin tsamiya, kuma sai yanzu ya gane shi sarai. Shaidun biyu magana ɗaya suka yi, ta biyu ta farko ce aka ninka sau biyar. Illo saba'in Yari hamsin ya yi daidai. Illo goma Yari ɗari da goma shi ma ya yi daidai. Duk abin da ya furta, lissafi ba zai ƙaryata shi ba.

Ya ɗaga kai ya ga mahaifinsa yana kallonsa, yana murmushi. Kalma biyu kawai suka rage masa, ya ce saba'in ya dace, ya je ya kwanta. Wallahi ya so ya faɗa.

Sai Atiku mai jaka, wato jaki mace da ta yi jigilar geron mutum biyun zuwa rumbu, wanda ba wanda ya tambaye shi, ya sa baki daga bayan taro. Atiku kuwa irin mutanen nan ne da ko gaisuwa ka yi musu sai ka ji labarin jakarsu.

"Ni dai wanga gero shi ya kusa kashe min jaka. Tana da ciki, na yi alkawali ba ta wuce sawu arba'in, kuma arba'in ɗin tay yi, ina ƙulla igiya kowane sawu. Gonar Illo ga ta ƙetaren gulbi, yashi har gwiwa, dami bibbiyu nika aza mata. Ta Yari nan bayan gari, hurhuɗu."

Mutane suka yi dariya, wani ya ce a bar maganar jaka ana maganar mutane. Jibrilla bai yi dariya ba. Wannan shaidar ba ta maimaita ta kowa ba. Hannunsa ya riga ya rubuta sabon sahu kafin zuciyarsa ta hana shi, ya ninka, ya ɗebe, sifili bai fito ba. Amsa ɗaya ce tak. Ya sake bi daga farko, ya kuma sakewa, yana fata ko gajiya ce ta sa shi kuskure, shi da ya saba kuskure a gaban Turawa. Yau kam babu.

"To, mi ka gani?" in ji Illo.

"Baba, dami arba'in bibbiyu sawu ashirin ke nan. Tamanin hurhuɗu shi ma ashirin. In an haɗa, arba'in ɗin Atiku."

"Wa ad da tamanin?"

"Baffa Yari." Muryarsa ta yi ƙasa. "Da naka saba'in ne, da jakar ta wuce sawu arba'in da bakwai."

Yari da ya yi nasara ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Jibrilla ya san mahaifinsa ba ƙarya ya shirya ba. Mutumin da ya yi damina guda yana ƙetare gulbi safe da yamma, ruwa har ƙirji, dole arba'in ta zame masa saba'in a zuci. Amma ba sahun da za a rubuta wannan a cikinsa.

Illo ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa. "A auna min kwano ɗari biyu," ya ce, ya shige gida bai dubi kowa ba.

Jibrilla ya sami tabarmar da yake ta mafarki, barci ya ƙi zuwa. Yana kwance a zaure ya ji mahaifinsa a tsakar gida yana cewa, "Habi, daga yau kwano guda za a riƙa dakawa, ba biyu ba. Shekara na da tsawo."

Da la'asar sakaliya aka kawo tuwo, malmala ɗaya a akushin da ya saba ɗaukar biyu. Uba da ɗa suka wanke hannu. Illo ya yi loma biyu, ya sa gefen hannu ya raba abin da ya rage, ya tura babban kashin gaban Jibrilla.

"Ci," ya ce. "Kai ad da jarrabawa."