Hayaƙin Motar Laouali

Laouali mutumin Damagaram ne, direban wata tsohuwar motar kaya a Riyad, kuma ba abin da yake tinƙaho da shi kamar hayaƙinta. A tashar da ya koyi tuƙi, in mota ba ta turnuƙe titi ba, ba a kiranta mai ƙarfi. Sai ga gogan naka a wurin fahas, inda hukuma ke duba lafiyar motoci, an zura wa motar wani ƙarfe a bututun hayaƙi, na'ura ta ce ta faɗi.

"A kan hayaƙi kawai?" in ji Laouali. "Shi ma doka gare shi?"

Ma'aikacin wurin ya nuna sama. "Ya sadik, abokina, ina kake zaton yake tafiya? Gajimare yake shiga, ya dawo cikin ruwan sama da tsami, ya ci ganye, ya ci ƙarfe."

Maganar ta tsaya wa Laouali a rai. Bai taɓa zaton akwai hannun direba a cikin ruwan sama ba.

Kafilinsa, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar kuma mai motar, ya yanke magana: a gyara a koma. In ta sake faɗuwa ko aka makara, mota ta tafi bola, Laouali ya tafi gida. Aka gyara iya gyarawa, hayaƙi ya ragu amma bai ƙare ba. Batir kuwa ya mutu murus, da turi aka tayar da ita, bakanike ya ja masa kunne kada ya kuskura ya kashe.

Yana kan hanyar komawa fahas hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Motoci suka tsaya cak. Mutane suka firfito suna buɗe kawunansu, hannuwa sama, ana ta addu'a, don ruwan sama ba kasafai yake sauka a ƙasar ba. Dab da bututun motarsa wani dattijo ya ɗaga jikarsa, yarinyar ta wangale baki tana tarar ɗigon ruwa tana dariya.

Ta madubi Laouali ya ga hayaƙinsa yana murɗewa yana hawa, har ya ɓace cikin hadarin. Daga nan zuwa can, daga can zuwa bakin yarinyar nan! Girman abin ya cika masa ƙirji, har tsoro ya kama shi.

Ya san in ta mutu a cunkoson nan, ya makara ke nan. Ya yi bismilla, ya murɗa makulli ya kashe ta. Sai a lokacin ya ji ƙarar ruwan sosai.