Ɗigon Mama Rabin Kofi Ne

Shekara talatin da ɗaya ina cin abinci da fassara. Kawo mini takardar kotu ko littafin gyaran tarakta da Turanci, kafin shayinka ya huce na mayar maka da shi harshenmu, Cekanci. Amma a ƙauyenmu ba wanda ya san ni da wannan. Abu guda aka san ni da shi: Květa 'yar Bohumila, wadda ba ta iya koláče ba.

Mu nan Moravia kati kaɗai ba ya gayyatar biki. Sati uku kafin aure ake gasa koláče, 'yan ƙananan burodi masu zaƙi da cuku a ciki, a cika kwando a bi gida gida. Maƙwabta su karɓa suna sa albarka, ana rufe ƙofa su tsaga ɗaya su yanke wa gidanku hukunci. Na Mama ba a taɓa kushe su ba. Nawa kuwa, da na gwada a bikin ƙanwata, kawun ango ya roƙi biyu wai zai tare tayar motarsa.

Kuma ba ƙoƙari na rasa ba. Ina shekara ashirin da huɗu na zaunar da Mama ta faɗa, ni na rubuta kalma da kalma. Gwaiduwar ƙwai huɗu. Gishiri špetka, wato abin da yatsu biyu suka tsunkulo. Giyar rum kapka, ɗigo ke nan. Narkakken man shanu a ƙarshe ždibec, ɗan ƙiris. Takardar tana nan har yau, ta yi maiƙo ta yi baƙi, ba ta taɓa haifar mini abin kirki ba.

Bana ɗana Radim ya kawo mana wadda zai aura, Lorna daga Kanada, mai haɗa magani a kemis, wadda Cekancinta bai wuce gaisuwa da godiya ba. Mama kuma ta cika tamanin da uku, ƙugu ya hana ta tsayuwa. Ta sanar da mu a kan tebur, ko kallonmu ba ta yi ba: "Kwaɓin Asabar shi ne na ƙarshe. Mai koyo ya koya."

Tsoro ya kama ni sosai. In Asabar ta wuce ban iya ba, shi ke nan, na jikokina sai dai a sayo a kanti, maƙwabciyarmu Zapletalová kuma ta sami abin dariya har ta shiga kabari.

Na yi shiri irin na gwani. Na ja layi a takarda, Turanci hagu, Cekanci dama: pinch ga špetka, drop ga kapka, smidgen ga ždibec. Awa biyu na yi ina gardama da kaina ko dash ɗin Turawa ya fi ɗigonmu yawa.

Asabar da safe Lorna ta shigo kicin da ɗan littafi da sikeli. Kafin a taɓa fulawa ta bi komai ta auna: kwalbar rum, gwangwanin gishiri, dunƙulen man shanu. Har ƙwai ta ƙirga, ta leƙa firiji ta yi rubutu.

"Wannan kuma me take yi?" in ji Mama. "Ce mata nan ba kemis ba ne. Ta gama da man shanu ta zo ta auna ni."

Na fassara mata yadda take, don ni ban taɓa rage wa magana ko harafi ba, ko a gaban alƙali. Lorna ta yi dariya, ta kira Mama da Babi, wato kaka, ta ce, "Babi, ke ce ta ƙarshe."

Aka fara. Na tsaya yadda tafinta ke tsayawa, kunne ga mai magana, ido ga takarda. Mama ta ce špetka, na ce pinch. Ta ce kapka, na ce drop. Tsakani ta riƙa aikena: duba madara kar ta tafasa, ɗauko tsumma, kori kyanwa. Lorna ba ta ma rubuta abin da nake faɗa ba, wanda ya ɗan sosa mini rai. Ta dogara da tebur kawai tana kallon kwano.

Da aka rufe kwaɓin don ya tashi, Lorna ta koma ta sake auna kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Sai ta jawo ni gefe.

"Květa, kin tabbata kapka ɗigo ne?"

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake wannan aikin."

Ta miƙo mini littafin. Rum ɗin da ya bar kwalba giram casa'in ne, kusan rabin kofi. Ɗan ƙiris ɗin man shanu rabin dunƙule ne cur. Ta buɗe bokitin shara ta ɗaga ɓawon dankali, ga ɓawon ƙwai tara a kwance. Gwangwanin kirim mai tsami da ke firiji da safe kuma ya koma wayam, alhali ba bakin da ya ambaci kirim. A duk lissafin gishiri kaɗai ya faɗi gaskiya.

Na juya. Mama tana zaune tana kankare kwaɓi daga yatsunta.

"Mama, ƙwai nawa kika fasa?"

"Huɗu."

"Tara ne a bokiti!"

"To kin gani, me ya sa kike tambaya?"

"Shekara talatin fa, Mama! Shekara talatin ana mini dariya a garin nan!"

Ko gezau ba ta yi ba. "Wanda na faɗa miki na maƙwabta ne. Wace mace ce ba ta da na maƙwabta? Zapletalová ta ba ni sirrin kek ɗinta tun kina firamare, har yau bai taɓa tashi ba, kuma kullum muna gaisawa."

"Ni maƙwabciyarki ce?"

"Ke ai kin fi maƙwabciya haɗari. Sana'arki ke nan, a faɗa miki magana ki juya ki faɗa wa wani. Kina shekara biyar kika gaya wa limamin coci inda babanki ke dafa barasa."

"Ita fa?" Na nuna Lorna. "Ita kin bar ta ta gani."

"Wa na hana gani? Ni uwata ba ta faɗa mini komai ba, hannunta na kalla. Ke kuwa kina tsaye a gefena tun kina budurwa, hancinki a cikin takarda. Wannan ba ta jin abin da nake cewa, dole ta kalli hannu."

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwo shi ne ban sami ƙaryar da zan kama a ciki ba. Na fita bayan gida na yi kuka wajen kejin zomaye, mace mai shekara hamsin da biyar. Da na dawo Lorna ta yage shafin ta cusa mini a aljihun rigar girkina.

Kwaɓi na biyu Mama ta kasa tashi. Ni na yi shi. Na fasa tara a gabanta, na tuntsura kwalbar rum ina kallon cikin idonta. Ta sa yatsa ta danna kwaɓin, ta ce in ƙara murzawa, iyakar yabon da na samu ke nan. Koláče suka fito daga tanderu da laushi, har na ci biyar a tsaye.

Washegari na raka Radim da Lorna rabon kwando, don a sami mai fassara. Zapletalová ba ta ma jira mu juya baya ba, a bakin ƙofa ta tsaga ɗaya ta tauna.

"Hannun Bohumila ba ya tsufa."

"Ni na yi, maƙwabciya."

Ta dube ni sama da ƙasa, sai ta kama hannun Lorna. "Amarya, ke kina wurin. Me aka zuba?"

Na fassara tambayar. Lorna, baiwar Allah, ba ta san ana ɓoye komai ba. Ta zayyano da Turanci tiryan-tiryan: tara, giram casa'in, rabin dunƙule, kirim. Radim ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

"Me ta ce?"

"Ta ce gwaiduwa huɗu," na ce. "Rum kuma kapka."

Idon tsohuwar ya yi haske. "Huɗu! Ai na sani!" Ta shige ciki da gudu neman biro, ko sallama babu.

A gida Mama tana kan kujerarta ta bakin taga, inda take hango ƙofar kowa.

"Ta tambaya?"

"Ta tambaya."

"Nawa kika ce mata?"

"Huɗu."

Mama ta dafe kai. "Kin gani ko? Bakin nan naki! Ita uku nake ce mata. Ke na ƙara miki ɗaya ne don ke 'yata ce."