Gizaka Bakwai a Murhun Chayo

Dattijo Don Nemesio ya birkice tarin itacen girki har sau biyu, guntun da yake nema bai fito ba. Ruɓaɓɓen itace ne wanda ko kyauta ba mai ɗauka, amma gizaka bakwai ne kwance a cikinsa. Da hannunsa ya tsince su a bishiyar tejocote ta matarsa, ya yi wata guda yana yanko musu ganye, yatsunsa na ƙaiƙayi, har suka huda itacen suka shige suka toshe ƙofa. Shekara uku ke nan yana jiran ya ga abin da za su zama, malam-buɗe-littafin nan mai ruwan toka da zanen wuƙa a fiffike. Bara tururuwa suka riga shi, bara waccan ruwa.

"Eduviges! Ina itacen da na ajiye bayan randa?"

Matarsa ba ta ɗago daga wanki ba. "Ruɓaɓɓen nan? Na ba Chayo. Nata ya jiƙe, ga tamal na baftismar jikanta a kan wuta."

"Kin ba ta!"

"To, dukiyar gado ce? Tsoho, shekara talatin kana yi wa 'ya'yan mutane surutu a aji, amma bakinka ya kasa cewa kada a taɓa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Da gangan ya ɓoye mata, don ba ta ga-maciji da duk abin da ke cin ganyen bishiyarta.

Ya fita ko hula babu. A tsakar gidan Chayo, maƙwabciyarsu, mata sun kewaye babbar tukunyar tamal, wato alalen masara da ake turarawa a naɗe cikin ganye, ga itacensa a murhu yana ci. Ya fizge shi, ya tsoma a bokiti, ya juyo yana huci.

"Ke ba ki da ido ne? Ba ki ga ramuka a jikinsa ba?"

Chayo ta dafe ƙirji. "Wayyo, ya shigo min da fushi! Malam, ka kashe ni. Tamal ba ya nuna in an yi fushi a kansa, kai ma ka sani. Mutum tamanin na gayyata!"

"Camfi ne."

"Camfin ne zai ciyar da baƙina? Maganinsa, sai ka taka wa tukunyar nan rawa, ko ka sha duka da ludayi. Zaɓi."

Matan suka tare ƙofa, suka fara tafi. Ya juya itacen a hannunsa yana dubawa: shida sun zama gawayi. Can ƙarshe, inda wuta ba ta kai ba, rami ɗaya na nan a toshe, da ɗan ɗumi.

Ya rufe shi da babban yatsa, ya rungume itacen a ƙirji, ya ɗaga ƙafa zai taka rawar.

"A hankali dai zan yi," in ji shi. "Akwai mai barci."