Wuƙa da Kubenta

Ottmar ya danna ƙararrawar ƙofa, ya gyara wa ƙunshin da ke hammatarsa zama. Waltraud ce ta buɗe, matar tsohon amininsa Reinhold.

"Ikon Allah! Ɓatan hanya ka yi?" ta ce. "Shigo, amma kada ka sa ran zai gane ka."

Abin da ya raba aminan nan bai taka kara ya karya ba. Tun suna samari suke bin kasuwannin tsofaffin kaya na garin Solingen tare, suna tara wuƙaƙen bakin bindiga na ado, irin waɗanda 'yan sanda ke ratayawa ranar fareti a zamanin da. Kowace wuƙa da lambarta, kubenta ma haka, kuma in lambobin ba su zo ɗaya ba, masu harkar ba sa yi mata kallo na biyu. Ottmar ya samu wata mai mariƙin ƙahon barewa, Reinhold kuma ya tsinci kubenta. Kowa ya ce sai dai a sakar masa. Wasa-wasa abu ya zama gaba, har furfura ta cika kansu. Sai da Ottmar ya ji an ce mutumin ya fara mantuwa, sannan ya naɗe wuƙar ya taho.

Reinhold na zaune bakin taga, kofinsa ya huce.

"Sannu, baƙo," ya ce.

Ottmar ya kwance ƙunshin. Nan take idon Reinhold ya kawo haske. Ya shafa siffar kan mikiya da ke ƙarshen mariƙin, ya karkata wuƙar ya duba lamba.

"Waltraud! Ɗauko min kuben nan!"

Hannunsa bai manta ba. Da ta kawo, ya zura wuƙar a hankali, ta shige, ta ce ƙyas.

"Na bar maka ita, Reinhold," in ji Ottmar. "Taka ce."

"A'a, bawan Allah, ba tawa ba ce. Ina da wani aboki, Ottmar, kansa ya fi dutse tauri. Kullum ina cewa ranar da ya tako gidan nan zan miƙa masa kuben, amma ja'irin ya ƙi zuwa." Ya ɗora masa ita a cinya. "Don Allah kai masa."

Ottmar ya karɓe ta.

"Zan kai masa," ya ce.

"Ka ce masa ina nan ina jira."