Akwatin da Aka Haƙa wa Kabari

Ni maƙeri ne, sunana Baballe, kuma maƙerata tana jingine da katangar gidan Malam Kolo a nan Lafiya. Shi ya sa duk abin da ya faɗo gidan nan sai ya fantsamo mini, ko ina so ko ba na so.

Ana cikin yaƙin Turawa da Jamus ne. Modu, ɗan Malam Kolo namiji tilo, yana cikin sojojin da aka kwasa aka kai Kamaru, daga can kuma aka zuba su a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa ta gabas, bayan teku, wadda ko liman bai san sunanta ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba labari. Malam Kolo tsohon falken gishiri ne, mai zurfin ciki, ba ka jin ƙorafinsa. Abu ɗaya yake maimaita mini in ya zo ya zauna kusa da zugazugina.

"Baballe, mutuwa rigar kowa ce, ba ita nake tsoro ba. Tsorona yaron nan ya cika a hannun waɗanda ba su san wanka ba, ba su san sallah ba."

Rannan da hantsi sai ga 'yan dako sun ɓullo ta hanyar Loko, ɗauke da wani dogon akwati a kwance bisa kawunansu. Tsawonsa tsawon mutum, katakonsa mai kauri, an yi masa ruwan ƙusa, ga baƙin rubutun Nasara a jikinsa. Suka dire shi a ƙofar gidan Malam Kolo. Na ajiye guduma na fito da sauri, don irin wannan akwati sau ɗaya muka taɓa gani a garin nan, ranar da zazzaɓi ya kashe wani Baturen kamfani, 'yan'uwansa suka rufe shi a ciki suka binne.

Babban 'yan dakon, wani mutumin Obi mai suna Ya'akubu, ya share gumi ya gaida Malam Kolo.

"Baba, Bature na Loko ya ce mu kawo gidan baban Modu soja."

"Shi Modun fa?"

"Mu dai akwati aka ba mu, Baba. Akwati kuwa ba ya magana."

Kafin Malam Kolo ya sake buɗe baki, wata tsohuwa mai tallan daddawa ta nuna kusurwar akwatin da yatsa. Wurin ya tsage, kuma katakon ya sha wani abu baƙi-baƙi har ya ƙoshi. Ba sai an kira mahauci ya gaya mana ba, busasshen jini ne. Ga wani wari mai kama da na tsohon mai yana fitowa ta tsagar, nan take wani ya ce ai maganin da Turawa ke shafa wa gawa ke nan. A Lafiya ba a rasa masani, ko da abin yau aka fara ganinsa a duniya. Kuka ya ɓarke a cikin gida. Suwaibatu, matar Modu, ta leƙo zaure ta ga akwatin, ta sulale ƙasa, mata suka ja ta ciki.

Malam Kolo bai zubar da hawaye ba. Ya tsaya yana kallon ƙusoshin nan.

"A akwati," in ji shi. "Ɗana, a akwati, kamar kayan haja."

Ya sa aka tafi haƙa kabari, aka ɗora ruwan wanka, aka yanko likkafani. Liman ya zo, ya duba, ya ja Malam Kolo gefe ya ce tunda an yi tafiya mai nisa da shi, gara a bar mamaci da sirrinsa, a yi masa sallah yadda yake a rufe. Malam Kolo ya girgiza kai.

"Allah gafarta Malam, ko ƙashi ɗaya ne ya rage, sai na wanke shi da hannuna. Ba zan sa yaron nan a ƙasa da ƙusar Nasara ba. Baballe, ɗauko kayan aikinka."

Aka shigar da akwatin zaure, dattawa suka kewaye shi, kowa ya toshe hanci da bakin rawani. Wallahi na yi shekara da shekaru ina wasa da wuta da ƙarfe, ban taɓa aikin da ya yi mini nauyi irin na ranar ba. Modu fa a gabana ya koyi tafiya. Na ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ina salati, na ɗaga murfin. Abin da ke ciki an naɗe shi da bargon soja, an ɗaure tamau da igiya. Na kai hannu wajen da nake zaton kai ne, na taɓa a hankali.

Sai abin ya yi ƙara. Ƙirrin!

Kai, jama'a! Ban san tsofaffin Lafiya suna da gudu haka ba. Ƙofar zaure ɗaya ce, mutum goma suka nemi fita tare. Ladan ya bar takalminsa, wani ya shige cikin gida wajen mata yana ihu wai gawa ta yi magana. Ni ma da na samu hanya da na bi su, amma Malam Kolo ya riƙe mini wuyan riga.

"Buɗe," ya ce.

Na yaye gefen bargon. Ba fuska, ba hannu. Wani zoben ƙarfe ne babba mai siraran haƙarƙari, sai wani irinsa a ƙarƙashi, sai wani abu mai ƙaho biyu, da sarƙa ta sha mai. Na tsaya baki buɗe. Daga waje na ji masanin ɗazu yana bayani wai Jamus suna da tsafin mai da mutum ƙarfe. Raina ya ɓaci, na ce masa in haka ne ya shigo in gwada shi a wuta.

Na'Allah ne ya raba gardama. Tsohon soja ne, an sallamo shi daga Kamaru da shanyayyen hannu. Ya kutso, ya leƙa, ya riƙe baki.

"Keke ne! Dokin ƙarfe! Masinjojin soja ke hawa, na gan su a Garwa. An kwance shi ne don ya shiga akwati. Wannan mai ƙarar kuwa ƙararrawa ce, ta korar mutane daga hanya."

Wasu suka fara dariya, irin dariyar wanda ya sha da ƙyar. Malam Kolo bai yi ba.

"To jinin fa?" ya tambaya. "Ƙarfe yana jini?"

Na'Allah ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya wani lokaci in soja ya rasu akan aiko wa iyalinsa kayansa. Ɗazu muna da gawa, mun san abin yi. Yanzu ba gawa, ba mai rai, ga kabari can an gama haƙawa yana jira.

Malam Kolo ya durƙusa ya shafa igiyar da aka ɗaure bargon da ita. Ya bi ƙullin da yatsa, ya sake bin na gaba. Irin ɗaurin mangalar gishiri ne, wanda shi da kansa ya koya wa Modu tun suna bin hanyar Keana da jakuna. A nan ne hawayen da ya ƙi zuwa tun safe ya zo.

"Hannunsa ne. Shi ya ɗaure wannan da kansa. A je a mai da ƙasar kabarin nan. A gaya wa Suwaibatu kada ta kwance kitso, ba ta shiga takaba a kan ƙarfe."

Liman ya ce haka ne, ba gawa, ba shaida, ba takaba.

Ni da Na'Allah muka haɗa keken, shi da baki, ni da hannu, muna zagin juna har ya tsaya da ƙafafunsa. Ba wanda ya hau. Malam Kolo ya jingina shi a zaure, duk Juma'a yana goge shi da man kaɗanya, yana cewa mai shi yana tafe. Na roƙe shi katakon akwatin in yi ƙyaure, ya ba ni duka ban da mai jinin nan, ya sa shi ƙarƙashin gadonsa.

Bayan an cire doya, wata ranar kasuwa da azahar, na ji guɗa daga bakin hanya. Modu ne a kan jaki, ya rame, ya yi baƙi, amma shi ne. Muka ruga. Malam Kolo ya fito ba hula. Mai jakin ya miƙa wa Modu wata doguwar sanda, ya kama shi ya sauko, sai guɗar ta mutu a bakin masu yi. Ƙafar wandonsa ta dama an naɗe ta an ɗaure a gwiwa, ba komai a ƙasanta.

A zaure ya ba mu labari, yana kallon keken. Ya ce duk yaƙin nan ko ƙwarzane bai samu ba. Shi ne masinjan rundunarsu, a kan keken nan ya yi ta kai saƙo cikin daji, da aka tashi dawo da su gida kyaftin ɗinsu ya bar masa shi, ya ce amma ba ya shiga jirgi sai a akwati, cikin kayan hafsoshi. A tashar can babban jirgi ba ya matsowa gaɓa, sai a ɗebi mutane da kaya a ƙaramin jirgi a kai su gindinsa. Ana jan akwatin sama igiya ta zame, ya taho zai faɗa tsakanin jiragen biyu. Modu ya yi tsalle ya rungume shi. Igiyar ruwa ta haɗa jiragen, ƙafarsa tana tsakani.

"Akwatin ya bi kyaftin, ni na bi jirgin asibiti," in ji shi. Ya yi wata 'yar dariya. "So nake in shigo Lafiya a kansa, Baba, ka gan ni."

Takaici ya cika ni har na kasa haɗa ido da shi. Malam Kolo ya dubi naɗaɗɗen wandon.

"Ƙafar fa, Modu? A ina aka binne ta?"

"A cikin jirgi likita ya yanke, Baba. Teku aka jefa ta."

Tsohon ya rufe ido kamar an mare shi. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da katakon nan mai jini da ƙyallen likkafanin da aka yanka ba a yi amfani da shi ba. Ya sa na yanke kusurwar da zarto, ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe ta da kyau, ya ɗaure.

"Wannan ne ya iso gida," ya ce. "Baballe, ɗauko fartanya. Ka tuna wurin da aka haƙa?"

Na tuna. Muka fita mu biyu, muka bar Modu zaune a zaure, hannunsa a kan sirdin keken.